Yadda Ake Tafiya a Cikin Jirgin Ƙarƙashin Teku Idan Ya Karkata, a Zahiri da a Wasan Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya ga tifa tana juye yashi ya riga ya san rabin wannan magana. Idan bodin motar ya fara ɗagawa, yashin yana nan zaune kamar ba abin da ke faruwa, har sai karkatar ta kai wajen digiri 30 ko sama da haka kaɗan, sa'annan ya sulale gaba ɗaya a lokaci guda. Mutumin da ke cikin jirgin ƙarƙashin teku a kan irin wannan bodi yake tsaye, sai dai shi an rufe shi da ƙarfe ta ko'ina, babu taga, babu sararin samaniya da ido zai dogara da shi ya gane inda sama take, kuma duk inda ya juya akwai bututu ko bawul ko bakin ƙofa da ke jiran goshinsa. Yawancinmu ba za mu taɓa shiga irin wannan jirgi yana tafiya ba, domin a nahiyar Afirka ƙasashen da aka sani suna aiki da shi su ne Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Amma wasannin kwamfuta masu kwaikwayon aikinsa sun iso hannun mutane da dama, kuma mai son ya buga su da fahimta yana bukatar ya fara sanin yadda abin yake a jikin mutum.

Karkatar iri biyu ce. Akwai ta gaba da baya, wato goshin jirgin ya sunkuya idan zai nitse ko ya ɗaga idan zai hau, kuma matuƙa ne ke jawo ta da gangan ta hanyar juya fukafukan gaba da na wutsiya, ko ta tura ruwa daga tankin daidaito na gaba zuwa na baya. Akwai kuma ta gefe, wadda ke zuwa idan jirgin yana saman ruwa igiya tana kaɗa shi, domin zagayayyen jikinsa ba ya hana shi tangaɗi, ko idan ya yi kwana da gudu a ƙarƙashin ruwa. A nan akwai abin da ke ruɗar wanda ya saba da jirgin ruwa na yau da kullum: babban jirgi a saman ruwa yana karkata ne zuwa wajen kwana, shi kuwa na ƙarƙashin teku cikin kwanar yake kwantawa, saboda ruwan da ke dukan hasumiyar da ke samansa. Saboda haka idan an ce za a yi dama da gudu, ka shirya ƙafarka ta dama ta zama ita ce a gangare.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ya kamata a riƙe shi a ka. A karkatar digiri 10, kashi 17 cikin ɗari na nauyinka ne ke janka zuwa gangare. A digiri 20 ya zama kashi 34, a digiri 30 rabin nauyinka cif, a digiri 45 kuma kashi 71. Wato mutum mai kilo 70 da ke tsaye a daɓen da ya karkata digiri 30 kamar wanda ake ja ne da ƙarfin kilo 35 ba tare da sassautawa ba. Matakalar bene a gida ma kusan haka tsayuwarta take, to amma ita an yanka mata wurin taka ƙafa, daɓen jirgi kuwa sumul yake. Tsawon jirgin ma yana shiga lissafi. Jirgin Jamus samfurin VII na Yaƙin Duniya na Biyu tsawonsa kimanin mita 67 ne, don haka a digiri 30 goshinsa yana ƙasa da wutsiyarsa da mita 33, tsayin bene mai hawa goma ke nan. Jirgin nukiliya na Amurka samfurin Los Angeles, mai tsawon mita 110, tazararsa za ta kai mita 55. Idan kuma irin wannan jirgi yana gudun kilomita 37 a awa a wannan karkata, yana nitsewa sama da mita 300 a cikin minti ɗaya.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya fi kowane amfani ga mai tafiya a ciki. Babu kwamandan da zai bar jirginsa ya daɗe a karkata mai tsanani, domin zurfin da ƙarfen zai iya ɗauka zai ƙare masa nan da nan. Karkata mai tsanani gajeriya ce, kuma idan aikin da za ka je yi ba na ceton jirgi ba ne, dabarar da ta fi dacewa ita ce ka kama wani abu mai ƙwari ka jira ta wuce.

Kafin daɓen ya fara tashi

A jiragen sojan ruwan Amurka akwai atisayen da ake yi bayan an bar tasha an kai ruwa mai zurfi, inda kwamanda ke sa a sunkuyar da jirgin a kuma ɗaga shi akai-akai, digiri 20, 25, har zuwa 30, don a ji abin da zai faɗo. Dalilin shi ne duk abin da ba a ɗaure ba zai yi ƙara wata rana a lokacin da abokin gaba ke kasa kunne, kuma gara a gano shi yau. Ana sanarwa ta lasifika kafin a fara. Haka ma nitso da hawa suna da ƙaho nasu: sau biyu idan za a nitse, sau uku idan za a fito. Aikinka na farko ke nan, ka saurara, kuma da zarar ka ji ka bar abin da kake yi ka adana kayan hannunka. Kofin shayi, sifana, littafi, kwamfutar hannu, kowanne ya shiga loka a kuma tabbatar sakatar ta kama. Abin da ya suɓuce a digiri 30 yakan bi lungu ne yana ƙara gudu har ya samu ƙafar wani ko kansa.

A ɗakin sarrafa jirgi akwai ma'aunin karkata, lanƙwasasshen bututun gilashi mai ruwa da ƙwayar iska a ciki, ɗan'uwan wanda magina ke ɗorawa a kan bulo don su ga ko gini ya miƙe. Matuƙan Amurka har da sunan wannan ƙwayar iska suke kiran karkatar kanta idan suna ba da umarni. Idan ba ka kusa da ma'auni, duba abin da ke rataye, kamar tawul ko labulen gado ko wayar tarho, ko ka duba yadda ruwa ya kwanta a kofi. Waɗannan ba sa yin ƙarya, ido kuwa yana yi, domin bango da rufi da daɓe duk tare suke karkata, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka komai daidai yake alhali ƙafa tana jin wani abu dabam.

Tsayuwa, hawa da gangara

Idan a tsaye karkatar ta same ka, juya ka fuskanci gefen jirgin, ka buɗe ƙafafu ta yadda ɗaya tana wajen goshi ɗaya tana wajen wutsiya. Ƙafar da ke gangare ta miƙe ta ɗauki nauyi, ta tudu kuma ta lanƙwashe a gwiwa. Kada ka yi ƙoƙarin daidaita jikinka da bango. Hotunan nan da ake gani na matuƙa sun kishingiɗa a iska kamar za su faɗi, a gaskiya su ne a miƙe, jirgin da mai ɗaukar hoton ne suka karkata. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka jingina baya da bangon da ke ɓangaren gangare, wato idan goshi ne ya sunkuya ka nemi bangon da ke gaban ɗakin ka ba shi baya kana kallon wutsiya. Sai dai ka kauce wa saitin lungu, domin duk abin da ya suɓuce wa mutanen sama a nan zai sauka.

Tsofaffin matuƙa suna da ƙa'ida cewa hannu ɗaya na jirgi ne, ɗaya kuma na mai shi, ma'ana ko wane aiki kake yi kada hannayenka biyu su cika. Amma ba kowane ƙarfe ake kamawa ba. Cikin jirgin cike yake da hannun bawul da makunnai, kuma wanda ya kai cafka cikin firgita zai iya buɗe abin da bai kamata ba, ko ya kama bututun tururi a ɗakin inji ya bar fatar hannunsa a jiki. Saboda haka tun jirgin yana kwance daidai ake haddace mariƙai, ana bi ana taɓa su ɗaya bayan ɗaya har hannu ya san wurinsu ko da wuta ta ɗauke.

Hawa tudu yana gajiyarwa amma haɗarinsa kaɗan ne. Yi gajerun taku, ka dasa tafin ƙafa gaba ɗaya, ka bar hannu ya yi rabin aikin ta hanyar jan jiki, kuma kada ka saki mariƙin baya sai na gaba ya shiga hannu. Gangara ita ce mai cin mutum. Wanda ya fuskanci gangare ya ɗaga ƙafa kamar yana tafiya a tsakar gida, taku biyu zuwa uku sai ya tarar gudu yake yi ba da sonsa ba, kuma a cikin jirgi babu filin da zai rage gudun, bango ne ko kaifin ƙofa. Yi tafiyar gefe, ko ka juya baya ka sauka kamar mai saukowa daga tsani. Kafin ka saki inda kake, ka riga ka zaɓi inda za ka tsaya, kuma kada ya wuce taku biyu. Idan karkatar ta haura digiri 25, babu abin kunya a zauna a ja gindi, ƙafafu a gaba suna birki. Matasan matuƙa sukan mai da wannan wasa a lokacin atisaye, su hau bargo su sulale tsawon lungu, abin da manya ke kau da kai a kansa har ranar da wani ya fasa haɓa.

Takalmi mai tafin roba ya zama dole. Domin ƙafa ta tsaya a digiri 20 ana bukatar kamun da ya kai kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyin da ke danna ta, a digiri 30 kuwa kusan kashi 58, kuma safa ko silifas ko ɗigon mai a daɓe ba za su ba da ko kusa da haka ba. Haka kuma kada ka tsaya kai tsaye a ƙarƙashin wani a lungu. Bari ya kai mariƙinsa tukuna, sa'annan ka taso.

Ƙofofi da tsani

Ƙofofin da ke tsare ruwa tsakanin ɗaki da ɗaki su ne wurin da aka fi jin rauni. Ƙanana ne, dokinsu yana sama da daɓe sosai, kuma a jiragen Jamus samfurin VII waɗanda ke gaba da bayan ɗakin sarrafawa zagayayyu ne kamar bakin rijiya. Galibi akwai mariƙi a samansu. Kama shi, ka zura ƙafa ɗaya, ka sunkuyar da kai, sa'annan sauran jiki ya bi. Idan gangare kake bi, ƙafa ce za ta fara shiga a kowane hali, domin wanda ya fara tura kai ya miƙa wa jirgin nauyinsa ke nan. Kada ka ɗora yatsu a bakin ƙofar. Murfin ƙarfe ne mai nauyi, kuma idan sakatar da ke riƙe shi a buɗe ba ta kama ba, karkata za ta rufe shi da kanta.

Haka kuma karkata tana iya hana shi rufuwa a lokacin da rai ya dogara da shi. A ranar 23 ga Mayu 1939 jirgin Amurka Squalus ya nitse a gwaji kusa da garin Portsmouth na Amurka, ruwa ya kwararo ta babban bawul ɗin shigar iska ya cika ɗakunan baya, wutsiya ta yi ƙasa. Ƙofar da ke tsakanin ɗakin sarrafawa da ɗakin da ke bayansa tana buɗewa ne zuwa baya, don haka sai da matuƙin da ke tsaron ta ya jawo ta zuwa tudu da ƙarfin tuwo, bayan ya dakata wasu 'yan mutane sun haye. Mutum 26 suka rasu a baya, 33 da ke gaba kuma aka ceto su. Wanda ke aiki kusa da irin wannan ƙofa ya kamata ya san tun da wuri ta wane ɓangare take buɗewa, da kuma inda zai dasa ƙafa idan zai ja ta.

Tsani yana da tasa dabarar da mutane da yawa ba sa lura da ita. Tsanin da ke tsaye cak idan jirgi yana daidai, da zarar an karkata sai ya zama ɗaya daga abu biyu. Idan kana fuskantar goshi kuma goshin ya sunkuya, kan tsanin yana yin nesa da kai, ya kwanta kamar matakala, hawansa ya yi sauƙi. Idan goshin ya ɗaga kuwa, kan tsanin yana rufto maka, jikinka ya rataya a hannu, ƙafa ta nemi zamewa. Dubi wanne ne kafin ka taka, kuma idan mai ruftowa ne ka jira, musamman idan da kaya a hannunka.

Gadaje galibi a tsawon jirgi suke, don haka mai barci yakan sulale zuwa kai ko ƙafa, kuma dabarar ita ce ya dogare da ƙafa ko ya cusa gwiwa a gefen gadon. Masu dafa abinci su ne suka fi kowa bukatar a sanar da su da wuri, saboda tukunyar miya da man suya.

Nauyinka ma yana tuƙa jirgin

Wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ya san cewa idan fasinjoji suka taru a gefe ɗaya mai tuƙi zai yi musu tsawa. Jirgin da ke ƙarƙashin ruwa ya fi kwale-kwale jin nauyi ta fuskar gaba da baya, domin a rataye yake a cikin ruwan, ba ya da faɗin saman ruwa da zai tallafe shi. Jamusawa sun mai da wannan makami. Jirgin samfurin VII yana iya ɓacewa daga saman ruwa cikin kimanin daƙiƙa 30 idan jirgin sama ya bayyana, kuma don a gaggauta ana umartar duk wanda ba ya kan aiki ya ruga zuwa goshi. Mutum ashirin masu kilo 70 sun kai tan ɗaya da rabi saura kaɗan, kuma idan suka koma can ƙarshen jirgi, goshin dole ya sunkuya. Wannan ne kaɗai wurin da gudu zuwa gangare ya zama aiki, kuma ana yinsa ne a layi, kowa ya san ƙofar da zai bi da inda zai zube. A jiragen Amurka kuwa akwai tsohuwar tsokana da ake yi wa sabon hafsan da ke koyon daidaita jirgi, inda matuƙa ke haɗa baki su taru a gaba, ya tura ruwa baya don ya gyara, sai su lallaɓa su koma baya.

Idan abin ya wuce misali

Shahararren hoton jirgin Amurka Pickerel yana fasa ruwa kusa da Hawai a ranar 1 ga Maris 1952 an ɗauke shi ne a karkatar digiri 48, kuma da shiri aka yi. Na jirgin Chopper, shi ma na Amurka, ba da shiri ba ne. A ranar 11 ga Fabrairu 1969, yana atisaye kusa da Kyuba, wutar lantarkinsa ta ɗauke, goshinsa ya sunkuya yana ƙaruwa har jirgin ya kusa tsayawa a kansa, goshin ya wuce zurfin mita 300 alhali an ƙera shi ne don kimanin mita 120. Da aka hura iska a tankokin ruwansa don ya taso aka kuma ja da baya, sai ya juye ya taso da goshi sama, shi ma kusan a tsaye, duk abin da ya zube gaba ya sake zubowa baya a kan mutane. Babu wanda ya rasu, jirgin ya koma tasha da kansa, amma a shekarar aka sallame shi daga aiki.

Da zarar an haura digiri 45, daina ɗaukar daɓe a matsayin ƙasa. Bangon da ke raba ɗakuna shi ne ƙasa yanzu, lungu ya zama rijiya, ƙofa kuma rami ce da ake faɗawa. Matsa gefe daga saitin ƙofa, ka cusa jiki a tsakanin abubuwa biyu da aka kafe da ƙusa, ka rufe kai da hannu ɗaya, kuma ka sa rai cewa jirgin zai iya juyewa ɗaya ɓangaren kamar yadda Chopper ya yi, wato ka nemi wurin da ke da tokari gaba da baya. Kare kai shi ne kan gaba. Lokacin da jirgin Amurka mai suna San Francisco ya yi karo da tsaunin ƙarƙashin teku a kudu maso gabashin tsibirin Guam a ranar 8 ga Janairu 2005, mutum 98 suka ji rauni, kuma matuƙi ɗaya da ya rasu raunin kai ne ya yi ajalinsa.

A wasan kwamfuta

Wasannin sun kasu kashi-kashi, kuma a wasu babu tafiyar ma sam. A Silent Hunter III na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2005, maɓalli kake dannawa ya kai ka wurin aiki, a Cold Waters na 2017 kuwa daga waje kake kallon jirgin. Silent Hunter 5 na 2010 shi ne ya ba ɗan wasa ƙafa ya zaga daga goshi zuwa wutsiya. UBOAT, wanda ya fara fita a 2019 aka kammala shi a 2024, yana nuna jirgin a tsage ta gefe kuma yana bari ka shiga idon hafsa ɗaya. Wolfpack na mutane da yawa ne, kowa da wurin aikinsa a jirgi ɗaya. A Barotrauma jirgin ba ya sunkuyawa, abin da ke jifa da mutum shi ne karo da kwararar ruwa ta ƙofa. A Stormworks kuwa kai ne ke ƙera jirgin, kuma idan ka ƙera shi ba daidai ba za ka tsinci kanka kana tafiya a kan bango.

Masu ƙera wasa suna da hanyoyi biyu na warware matsalar mutum mai tafiya a cikin abin da shi ma yake tafiya. Wasu suna manne ɗan wasa da daɓe, su mai da daɓen ya zama ƙasa ko yaya jirgin ya juya, sai dai su ɗan karkatar da hoto ko su sa ƙarfe ya yi kuka don a ji kamar ana nitsewa. Wasu kuma suna barin nauyi ya ja zuwa ƙasa ta gaskiya, daɓen ya zama gangare. Ko a wannan kashi na biyu akwai rangwame, domin manyan injinan ƙera wasa biyu, Unity da Unreal, suna zuwa ne da saitin da ke barin mutum ya taka gangaren da ya kai kusan digiri 45 ba tare da ya zame ba. Idan mai ƙerawa bai taɓa wannan saiti ba, ya ba ka ƙafar akuya, kana gudu a inda matuƙi na gaske zai ja gindi.

Saboda haka abu na farko a sabon wasa shi ne gwaji. Kai jirgin ruwa mai zurfi inda babu abokin gaba, ka tsaya a tsakiyar lungu, ka ba da umarnin nitso mai tsanani, sa'annan ka ɗauke hannu daga maɓallai. Idan mutuminka bai motsa ba kuma bakin ƙofa yana nan a miƙe a allo, manne kake da daɓe, kuma ma'aunin karkata da na zurfi su kaɗai za su gaya maka halin da ake ciki, don haka ka saba da kallonsu duk lokacin da ka ratsa ɗakin sarrafawa. Idan ƙofar ta karkace amma ba ka zame ba, ado ne kawai, sai dai zai iya sa ka kuskure saitin ƙofa ko maɓalli. Idan kuwa ka fara sulalewa, duk abin da aka faɗa a sama ya hau kanka.

A kowane hali, je wurin aikinka kafin ka ba da umarnin, kada ka bari sai bayansa. Idan akwai kujera ko wurin da wasan ke kafe mutum, shiga ciki, kamar yadda matuƙan da ke riƙe da sitiyari a jiragen Amurka ke ɗaura bel. Durƙusa kafin ka iso zagayayyar ƙofa, ka saita tsakiyar allo da tsakiyarta. Guji tsalle yayin da jirgin ke canza karkata, domin a wasanni da dama tsalle yana raba mutum da lissafin motsin jirgin na ɗan lokaci, ya sauka a inda bai zata ba, wani lokaci ma a wajen jirgin. Tsani shi ne wurin da irin wannan tangarɗa ta fi yawa. Ga masu buga wasan haɗin gwiwa da intanet mai rauni abin ya fi muni, saboda inda jirgin yake a kwamfutarka da inda yake a ta wanda ya buɗe wasan sukan saɓa da ɗan lokaci, kuma a tsakiyar nitso wannan saɓani ya isa ya cusa ka cikin bango. Mai riƙe da fukafukai ya riƙa faɗa da baki cewa zai sunkuya, ya ba abokansa daƙiƙa biyu ko uku su kama wuri.

Wasannin gilashin da ake ɗaurawa a fuska, irin su IronWolf VR, suna juya matsalar ne gaba ɗaya. A jirgi na gaske ido yana cewa komai daidai ne jiki yana cewa an karkata, a nan kuwa ido ne ke ganin karkata alhali daɓen ɗakinka yana kwance. Sakamakon shi ne jiri da tashin zuciya, ko mutum ya kishingiɗa don ya gyara karkatar da babu ita ya faɗi. Kawar da tebur da kujeru daga inda kake, ka buɗe ƙafafu, ka kafa ido a kan ma'auni ɗaya yayin nitso, kuma idan zufa mai sanyi ta fara tsattsafowa ka cire gilashin nan take, domin dagewa ba ta maganinsa. Ka kuma tuna cewa ƙarfen da kake gani a gabanka ba zai riƙe nauyinka ba. Sojoji ma sun san iyakar allo, shi ya sa a makarantar koyon aikin jirgin ƙarƙashin teku da ke Groton a Amurka aka ɗora ɗakin koyon tuƙi a kan dandamali mai karkata da gaske, duk da cewa rundunar ba ta ƙyamar kayan wasa, tunda jirginta Colorado da ya fara aiki a 2018 da abin sarrafa Xbox ake juya madubin leƙensa.

Ni a ganina wasan ya fi daɗi idan mutum ya ɗora wa kansa dokokin da wasan bai ɗora masa ba, wato ya daina gudu idan ma'auni ya wuce digiri 15, ya tsaya a kowace ƙofa, ya bar tsani sai jirgi ya daidaita. Gwada shi sau ɗaya a jirgin samfurin VII. Tsaya a ɗakin makamai na goshi, ka sa a sunkuya digiri 25 da cikakken gudu, ka duba ma'aunin zurfi, sa'annan ka haura zuwa ɗakin inji da irin takun da mai kilo 70 zai iya yi yana jan jikinsa daga mariƙi zuwa mariƙi. Idan ka isa, sake duba ma'aunin ka ga mita nawa jirgin ya ci kafin hannunka ya kai ga bawul ɗin da ka je rufewa.